Barcin Rabi a Indiya

Tun da na dawo daga Indiya ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a bakin rijiya a tambaye ni, har a gidan makoki sai wata ta matso ta ce, "Hajiya Hansai, wai da gaske ne rawa suke yi a kan titi?" Ni dai ban ga mai rawa ko ɗaya ba. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu da ke ƙasar Makoɗa. Wajen kakarmu na gaji aikin. Rabi kuwa ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye ta, kuma duk wanda ya ci ƙuli-ƙuli mai daɗi a yankinmu nata ya ci. Ciwon ya fara mata da haki idan tana matsar tunkuza, daga baya ƙafafu suka kumbura. Likitocin Kano suka ce wata ƙofa ce a zuciyarta ta lalace, sai an yi aiki, suka kuma ba da shawarar Indiya. Shekarar ce man fetur ya yi tashin gwauron zabo, taki ya gagari talaka, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. A cikin wannan hali aka sayar da shanun huɗa da gonar fadama, ɗanta Nasiru da ke aiki a Kano ya haɗa da abin da ya samu wajen dangi. Kowa ya san idan wannan tafiya ba ta yi ba, babu ta biyu. Aka ce ni zan raka ta, don ni ce mai fasfo tun zuwana Makka.

Ana gobe za mu tashi wata maƙwabciya ta shigo yi mana sallama, ta ja ni gefe ta ce, "Kin dai san can ƙona gawa suke yi ko?" Ta tafi ta bar ni da wannan magana. Na yi juyi, na yi juyi, a ƙarshe na buɗe adakata na ɗauko farin yadi da kafur da auduga da busasshen ganyen magarya, na naɗe na tura can ƙasan jaka, ƙarƙashin kuka da daddawa. A ganina rigakafi na yi. Ban gaya wa kowa ba.

Babur ya fitar da mu bakin titi, Rabi a tsakiya ni a baya ina riƙe da ita. Bas ɗin da muka samu ya ƙi tashi sai ya cika, ga shi mutane sun daina tafiya saboda tsadar mota, muka zauna har rana ta take. A hanya kuma ya tsaya layin mai. Rabi tana haki tana yi wa direba tsiya, wai da ta sani da jaki ta hau. Muka kwana gidan Nasiru a Rijiyar Zaki, washegari ya kai mu filin jirgi yana ta maimaita mana abin da za mu ce, kamar masu zuwa kotu.

A Habasha muka canja jirgi, kuma a nan Allah ya haɗa mu da Hajiya Falmata. Ta ji muna gardama kan ƙofar da za mu bi, sai ta juyo ta ce, "Bayin Allah, Indiya za ku? Ku biyo ni." Asalinta Barno, amma a Kano ta tsufa tana sayar da turaren wuta. Zuwanta na biyu ke nan, za a yi mata aikin ido a asibitin da za mu je. Tana jin Turanci, tana kuma da ɗan guntun Indiyanci na cefane.

Abin da ya ɓata tafiyar a filin jirgin Indiya ya faru. Wani jami'i mai gashin baki ya ce a buɗe jakata. Daddawa ce ta fara yi masa sallama, ya ja da baya yana toshe hanci, Rabi ta yi dariya har da tari. Ya ci gaba da tono, ya wuce kuka, ya wuce kuɓewa, sai ga shi ya zaro ƙullin magarya. Ya shinshina, ya kira abokinsa, su duka suka tsare ni da ido. Falmata ta ce, "Hajiya, suna zaton ganyen maye ne. Me zan ce musu?" Kafin in buɗe baki ya warware farin yadin a kan tebur, kafur da auduga suka zubo.

Jami'in bai san abin da ya baje ba. Rabi ta sani, don babu macen Bahaushiya da za ta ga magarya da kafur da farin yadi wuri ɗaya ta tambayi na mene ne. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ashe har kin gama shiri."

Falmata ta ce musu ganyen wanka ne, kuma ba ta yi ƙarya ba. Suka sake mu. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Falmata ta sama mana ɗaki kusa da nata a wani bene da ke bayan asibiti, inda 'yan jinya daga ƙasashe daban-daban ke haya. Garin cike yake da a-daidaita-sahu, ashe can ne gidan ubansu, kuma oda suke yi ba dalili, ko ba kowa a gabansu. Shanu na yawo a titi ba makiyayi, ba mai ɗaura musu garma, ba mai ce musu kanzil. Duk lokacin da na ga ɗaya kwance yana tuƙa sai in tuna namu da aka kora kasuwa. Abincinsu shinkafa ce da wani romon wake mai ruwa-ruwa, da gurasa siririya kamar takarda. Yajinsu ba ya tsayawa a baki, sai ya bi ka har ciki. Shayinsu kam na yaba, yana da citta da madara. Na riƙa tuƙa mana tuwo da garin da na samu a shagon wani Basudane, amma Rabi sai ta yi loma biyu ta ture.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. "To" da "a'a" kawai ke haɗa mu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ta daina barci. Da ma ciwon ya rage mata shi, yanzu kuwa ya tafi gaba ɗaya. Takan zauna jingine da filo ido biyu har a kira asuba. Idan ma gyangyaɗi ya ɗan sace ta, sai in kasa haƙuri in matso in ce, "Sannu, Rabi," don in ji ta amsa. Haka muke jinya a gida, ba a barin maras lafiya ya yi shiru da yawa.

Likitan zuciya na asibitin ya auna ta ya ce jininta ya hau sosai, ba zai taɓa ta da wuƙa a haka ba. Ya canja magani, muka koma, bai sauka ba. A komawa ta uku ya cire tabarau ya yi magana mai tsawo, Falmata ta fassara: idan jinin bai sauka ba kafin izinin zamanmu ya ƙare, sai dai mu koma gida yadda muka zo. Ya tambayi Rabi ko tana barci, ta ce rabonta da shi tun Kano. Sai ya ce a kai ta wani ɗaki a hawa na sama, inda wata tsohuwa ke koya wa marasa lafiya abin da suke kira yoga nidira, wato barcin yoga.

Ni na fara tirjewa. Na ce ba mu zo Indiya don mu sayar da imaninmu ba. Falmata ta ce ta shiga a zuwanta na farko, ba gunki, ba sujada, kwanciya ce kawai da sauraro, kuma ba mai hana mutum yin bisimillarsa. Na ce to yaushe ake yi? Aka ce da yamma. Na ce barcin la'asar? A garinmu ko yaro aka gani yana yi sai an tashe shi. Aka ce akwai na kafin azahar. Wannan kam ƙailula ce, ba laifi. Rabi ta ce, "Ni zan je." Ita ce magana mafi tsawo da ta yi a ranar.

Malamar 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai furfura, muryarta ƙasa-ƙasa. Aka bar ni in zauna jikin bango. Mata na gefe ɗaya, maza na gefe ɗaya, kowa a kan shimfiɗarsa. Suka kwanta rigingine, ƙafafu a miƙe, hannuwa a gefe, aka rufe kowa da farin mayafi har wuya, aka rage haske. Sai na ga kamar gawawwaki aka jere. Na sa Falmata ta roƙa a bar Rabi ta kwanta ta gefen dama, malamar ta yarda, ta tallafe ta da filo. Da ta juya ta sai na ga ban gyara komai ba, don haka muke kwantar da mutum a kabari.

Falmata ta zauna kusa da kan Rabi tana raɗa mata fassara. Malamar ta ce kowa ya ƙulla wata niyya gajeriya a ransa, abin da yake so ya zama, ya faɗa sau uku. Ta ce kada a motsa, kada kuma a yi ƙoƙarin barci, a bi muryarta kawai, duk gaɓar da ta ambata a kai hankali wajen. Sai ta fara. Babban yatsan hannun dama. Manuniya. Na tsakiya. Tafin hannu, wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa. Ta gangara haƙarƙari, ƙugu, cinya, har tafin ƙafa, sannan ta koma hagu.

Jama'a, da dama nake farawa ni ma. Haka nake bin jiki, gaɓa bayan gaɓa, ba na tsallake ko ɗaya, sai na gama dama in koma hagu. Ina zaune ina jin wata baƙuwa tana yi wa ƙanwata da baki abin da nake yi wa matattu da hannu. Na dubi Rabi. Bakinta ya ɗan buɗe, hannunta ya saki, hakin nan da na saba ji ya ɗauke. Na ce a raina barci ne. Wata zuciyar ta ce barci ai ƙanin mutuwa ne. Ban san lokacin da na miƙe ba, na tsallake wata mata, na tsallake ta biyu, na kama kafaɗar Rabi na girgiza ina salati da ƙarfi.

Ɗakin ya hargitse. Wani tsoho ya zabura ya zauna yana dafe da ƙirji. Rabi ta buɗe ido a hankali, idanun sun yi ja, irin na wanda aka fizgo daga nesa. Ta ce, "Ban mutu ba tukuna, Yaya. Ki yi haƙuri."

Na fita waje na zauna a kan matakala na yi kuka. Barcin farko da ta samu tun Kano, ni na kashe shi da hannuna.

Da aka tashi malamar ta aiko a kira ni. Na zaci kora ce. Ta sa Falmata ta tambaye ni sana'ata, na faɗa. Malamar ta kalli hannuwana, sannan ta ce, "Ke yaushe rabonki da barci?" Na ce ni lafiyata ƙalau, jinya na zo. Ta nuna shimfiɗa ta ce gobe nan ne wurina, ba jikin bango ba.

Washegari na kwanta ina jin kunya, ga ni uwar mata a miƙe cikin mutane. Da aka zo niyya, Falmata ta raɗa min cewa a faɗe ta kamar ta riga ta tabbata. Na ce wannan kuma shiga hurumin Allah ne, ni sai na sa in sha Allahu. Ta ce in sa, ba mai ji. Na yi bisimilla na ce a raina, in sha Allahu zan bar Rabi ga Mai ita. Da muryar ta iso kafaɗata sai na tarar ashe a ɗage take har kusa da kunne, ban sani ba. Da ta iso muƙamuƙi na tarar haƙorana a cije suke. Aka ce a bi numfashi, shigarsa da fitarsa. Ina jin komai, ina jin fanka, ina jin odar motoci can ƙasa, amma jikina ya yi nauyi kamar buhun gero, hawaye kuma na gangarawa cikin kunnena ba tare da na yi kuka ba. Ni dai na rantse ban yi barci ba. Falmata ta ce minsharina ya hana ta jin malamar.

Muka fara zuwa kullum, Rabi na samun ɗan barci a ɗakin, jinin ya ɗan sassauto amma bai kai inda likita ke so ba. Ana cikin haka aka kira Falmata aikin idonta, aka naɗe mata fuska aka ce kada ta fita. Muka je mu biyu, malamar na magana muna jin ta kamar kukan tsuntsu. Rabi ta kwanta ido biyu har aka tashi. Kwanakin izininmu kuwa sai ƙarewa suke yi, Nasiru na bugo waya yana tambaya, ina ce masa da sauƙi.

Wata rana da hantsi ina wanke kwanuka, Rabi ta ce daga kan gado, "Yaya, zo ki yi min."

Na ce, "In yi miki me?"

"Abin da tsohuwar nan take yi. Wa ya fi ki sanin bi da bi?"

Na ce, "Rabi, ki rufa min asiri. Kin san a kan wa na iya shi."

Ta ce, "Na sani. Ai kin riga kin yi min wankan a ranki tun daga gida. To yanzu ki bi ni ina raye, mu ga."

Na share hannuna na zo na zauna a bakin gadon. Na gyara mata filo, na ja mata zane, ba fari ba, atamfarta mai ruwan ganye. Tsoro nake ji sosai. Na ce ta yi bisimilla ta ƙulla niyyarta. Sannan na fara, babban yatsan hannun dama, manuniya, na tsakiya. Ban taɓa ta ba, suna kawai nake kira. Da na zo tafin hannu sai na tuna kantar da muciya ta yi mata a wurin, da na zo gwiwa na tuna tabon da ta samu ranar da ta faɗo daga bayana tana ƙarama. Duk matan da na wanke ban taɓa kiran gaɓoɓinsu da suna ba, aiki kawai nake yi in gama. Kafin in kai ƙafar hagu numfashinta ya canja, bakin ya buɗe, hannun ya saki. Zuciyata ta ce tashe ta. Na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinyata na zauna a kansu, na ci gaba da kira har na gama. Aka yi azahar tana barci, na yi sallata a hankali na dawo na zauna.

Da ta farka ta ce yunwa take ji. Ta ci tuwo har tana cewa miyar ba gishiri, wanda ya nuna min Rabi ta fara dawowa. Na tambaye ta wace niyya ta ƙulla, ta ce ba a faɗa.

Haka muka riƙa yi kullum. Ba zan ce barcin kaɗai ya yi aikin ba, don likita ma ya sake canja magani, kuma mai warkarwa Allah ne. Ranar da muka koma awo, likitan ya dubi na'urarsa ya kaɗa kai gefe da gefe. Na zaci a'a yake nufi, na kama gefen tebur. Ashe su haka suke cewa e. Aka sa ranar aiki.

Da safe suka tura ta a gadon taya, ta ɗaga min hannu, ƙofa ta rufe. Na wuni a kan benci da carbi, ba wanda zan tambaya, ba wanda zai gane ni. Da yamma likitan ya fito ya yi min magana yana kaɗa kan nan nasa, na kasa tantance wane iri ne. Ba su bar ni na gan ta ba sai washegari.

Wata nas ta sa min riga da takunkumi, ta nuna min da hannu cewa kada in taɓa komai, ta kai ni bakin wani gado. Rabi na kwance rigingine, an rufe ta da farin mayafi har wuya, fuskarta ta yi fari fat, leɓɓanta a bushe. Robobi sun fito ta ko'ina. Injuna na ta ƙara, amma ni ban san yaren inji ba. Na zuba wa ƙirjinta ido, hawaye ya hana ni ganin ko yana motsi. Na ga fuskoki irin wannan da yawa a rayuwata, kuma na san abin da ake kirana in yi musu. Hannunta na dama ne kaɗai a waje.

Na haɗa hannuwana a baya na riƙe gam. Na sunkuya kusa da kunnenta na ce, "Babban yatsan hannun dama."

Yatsan bai motsa ba. Na sake cewa, "Rabi, babban yatsan hannun dama."

Yatsan ya ɗaga, ya koma. Na ce, "Manuniya." Ita ma ta motsa. Ban kai na tsakiya ba Rabi ta buɗe ido ɗaya, ta dube ni, ta ce da wata murya kamar ta mai mura, "Yaya, don Allah ki ƙyale ni in yi barci."

Na ƙyale ta. Sauran labarin, yadda muka dawo da yadda aka tare mu a bakin titi, ku je ku tambaye ta da kanku, tana nan gidanta bayan masallaci. Amma kada ku je kafin azahar, ba za ta amsa sallama ba.